Tukwanen Bayolet da Adizatu Ta Bar Mini

Zuwa ga Adizatu, inuwar ɗorawata a tsakar zafin Tamale, ruwan randa ga wanda ya dawo daga gona, ruwan farko da ke tayar da ƙamshin ƙasa, ke da zuciyata ta zaɓa ba tare da ta yi shawara da ni ba!

Sahada, na san ke za ki karanta wa yayarki wannan takarda. Don girman Allah kada ki tsallake ko layi ɗaya, ko da ta ce ki bari.

Adiza, saƙonki ya iso. Kin ce likitocin Kumasi sun yi iya ƙoƙarinsu, ganinki ba zai dawo ba sai ɗan dishi-dishi. Kin ce in kwashe furannin bayolet da kika bar mini amana in kai wa Maame Dzifa mai renon furanni a unguwar Gumbihini, sannan in nemi mace mai ido. Wayyo Allah! Wace mace? A wace kasuwa ake samunta? Kika kashe waya, kika bar ni ina ta kira kamar mai yi wa rijiya magana.

Kin tuna ranar da na fara zuwa barandarku a unguwar Changli da ledar takin masara, ina taƙama na kawo wa furanninki gara? Kika buge mini hannu, kika ce, "Masahudu, so kake ka ƙone mini 'ya'ya? Nan ba gonar babanka ba ce!" Kika zaunar da ni a tabarma, kika koya mini haɗin ƙasa: zaren ɓawon kwakwa, ƙaiƙayin shinkafa da aka babbake, da ɗan garin gawayi. Kika ce in damƙa a hannu, in na saki ya warwatse to ya yi, in ya dunƙule kamar tuwo saiwa za ta ruɓe. Wallahi ranar ban ji rabin karatun ba. Yatsunki nake kallo, baƙin gawayi a kan jan lalle, ina jin ƙirjina yana bugu kamar gangar bikin Damba.

Yanzu famfon unguwa ya ƙafe, gari ya zama bakin murhu, amma ko ni ban sha ba su sai sun sha. Na zura lagwanin zaren nailan ta gindin kowace tukunya, ya sauka cikin robar ruwa, suna tsotsa a hankali. Takin ruwa kuwa ɗigo kaɗan nake sawa, yadda kika gargaɗe ni. Da farin gishiri ya fito a bakin tukwane, na wanke ƙasar da ruwa zalla. Ban yarda ruwa ya taɓa ganyen nan masu gashi kamar kunnen kyanwa ba.

Duk da haka babbar, mai fure ruwan shunayya, ta kwanta. Ganyenta ya yi laushi, ta zubar da fure. Lagwanin ne ya yi kauri? Ƙasar ce ta cushe? Ban sani ba, Adiza, ban sani ba! Na ɗauke ta a babur na kai wa Maame Dzifa, tunda ita ta ba ki ganyen farko da kika dasa. Ta taɓa, ta girgiza kai, ta ce, "Yarona, ba zan karɓi ko ɗaya ba. Mai su ba ta mutu ba. Kai mata."

Haba farin watana! Da ido kike gane danshin ƙasa? Ba yatsa kike tsomawa ba? Ba ɗaga tukunya kike yi ki ji nauyinta ki san tana jin ƙishi ba? Abin da ya rage launi ne kawai, ni kuwa ina da baki. Kowace safiya zan gaya miki wadda ta buɗe, da wadda ke shirin buɗewa, har ki gaji da surutuna. Sa'ad da na tura manyana wurin kawunki da goro, ba idanunki na aika a tambayo mini ba. Ke na nema, ke ɗungurungum, da dariyarki da faɗanki. Kina tsoron zame mini kaya? Wa ya taɓa jin raƙumi ya koka da tozonsa?

Ba na iya cin abinci. A gareji ina riƙe da sufana sai in manta abin da nake kwancewa. Ki tausaya mini!

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zan shiga motar Kumasi, tukunyar nan a kan cinyata. Ba izini nake nema ba. In kin rufe ƙofa, zan zauna a dakalin gidan da kika sauka, rana ta doke ni, ruwa ya doke ni, har duk mutanen unguwar zongo su san sunana. Ki fito ko don tukunyar. Ki sa yatsa a ƙasarta ki gaya mini ciwonta, sannan ki ɗora hannun nan a fuskata, ki sake cewa in tafi, in har bakinki zai iya.

Naki a haske, naki a duhu, har ranar da za a miƙa ni makwancina,

Masahudu
Changli, Tamale