Soket Ɗin Bayan Kujerar Manaja

Malam, don girman Allah ka ba ni shawara, kaina ya kulle.

Ina aiki a ofishin wani kamfanin dakon kaya. Karatuna bai yi nisa ba, a hannu na koyi harkar intanet. Yayana ne ya tsaya mini aka ɗauke ni, manajan kuma surukinsa ne, uban matarsa.

Muna da akwatin da ke gadin ƙofar intanet ɗinmu, fayawol. A cikinsa akwai manhajar sa ido, mai nuna kwamfutar da ke shanye layi. Lokacin da take aiki, ɗan rahoto abokan aiki ke kirana, in na shigo a yi tsit. Yanzu ta ƙi tashi. In na danna, ta yi kamar za ta kama, ta mutu. Na kashe akwatin na kunna, na cire manhajar na mayar, shiru kake ji. Manaja ya ce da gangan na kashe ta don in rufa wa masu kallon ƙwallo da layin ofis asiri, in ba ta tashi ba kafin ƙarshen wata in kama gabana. Wajen abokan aiki munafuki, wajen manaja maci amana.

Ga abin da ke cin raina. Soket ɗin akwatin a bayan kujerarsa yake. In wayarsa ta yi ƙasa sai ya miƙa hannu, ko waiwaye babu, ya zare filogin da ya fara taɓawa ya sa cajarsa. Ana ihun layi ya ɗauke, ya mayar da filogin yana zagin kamfanin intanet. Da idona na sha gani. Ban san ko shi ne sanadi ba, amma ta ina zan buɗe baki? Yaya ya ce in yi haƙuri. Shi nake ci tun zuwana, har ya fara ɗaci.

Naka,
Wanda Ke Tsaka Mai Wuya

Ƙanena, zarginka yana da tushe. Akwatin da ake yanke wa wuta bagatatan yakan lalata ma'ajiyar bayanan manhaja, ko ya bar alamar cewa tana aiki alhali ta mutu. Sake saka manhajar ba ya share waɗannan. Ka fara adana kwafin saitin akwatin. Sannan ka buɗe rahoton kurakuransa, ka danna wa manhajar tashi, ka karanta layukan ƙarshe. Ka duba ko ma'ajiya ta cika. In bayananta ne suka lalace, ka kawar da su gefe ta gina sabbi.

Manaja ya zalunce ka da ya yanke hukunci ba bincike. Amma ka yi masa adalci: bai san abin da hannunsa ke yi ba, kai da ka gani kuma ka yi gum. Kunya ba ta gyara na'ura. Ba sai ka nuna shi da yatsa ba. Ka same shi shi kaɗai, ka ce yankewar wuta ce ke kashe akwatin, ka nemi a ba akwatin soket nasa da batirin ko-ta-kwana. Dattijo ne, zai gane karatun.

Yayanka kuma ka zaunar da shi yau, ya ji komai daga bakinka. In bayan haka aka ce ka tafi, tafi da sana'arka. Ba manaja ya ba ka ita ba. Allah ya warware maka, ya sanyaya zuciyarka.