Na Taya Roma, Basi Nake Nema

Talata, 3 ga Maris, 2015

Khalas, na yanke. Zan je Italiya.

Inna ta kira da safe daga Kano ina tsakiyar ɗaure dilar abaya. Ba ta yi faɗa ba, wannan ne ma ya fi ciwo. Cewa kawai ta yi, "Sabuwa, amana na ba ki fa, ba kayan sayarwa ba." Autanmu Abdulbasit take nufi. Basi, da aka turo shi karatun addini ya zauna wurina nan unguwar Madinat Nasr a Alƙahira, ya ci tuwona shekara da shekaru, sannan wata Juma'a cikin zafin bara ya ce zai je Iskandariyya shan iska da abokai. Ya sha iska har Italiya, cikin kwalekwalen masunta. Fasfo ɗinsa ma a ƙarƙashin katifa ya bar min.

Tun daga nan duk ranar da na ce masa ya dawo, sai layi ya mutu. To ai dole, na nuna masa abin da nake so. Ni da ba na shiga shago a kasuwar Ataba in kalli abin da ya kawo ni. In baƙar abayar ƙarshen layi nake so, sai in taya ja, in taya ruwan toka, in rena ɗinki, in tambayi lafiyar yaran mai shago. Sai ina kan fita in ce, waccan ta lungu fa?

Haka zan yi masa. Yawon buɗe ido zan je, mako guda. Abinci, bakin teku, tsofaffin gine-gine. Ranar ƙarshe in miƙa masa fasfo in sa shi a jirgin Kano.

Alhamis, 5 ga Maris

Malam Jesse na ofishin jakadancinmu ya rako matarsa Baraka sayen zannuwan gado. Ya taɓa zuwa Roma ziyarar coci, don haka na zaunar da shi da shayi. Da ya ji, ya yi dariya har ya cire tabarau. "Hajiya, ke da Kolosiyam?" Na ce me wannan tsohon filin wasan na Roma ya fi ni da shi in ba tsufa ba.

Ya zana min tafiyar a bayan kwalin zani. Kwana biyu a Roma, sai jirgin ƙasa zuwa Napoli, rana guda a wani rusasshen gari Pompei, sauran kuma a gaɓar teku, wajen Amalfi, kafin in koma Roma in hau jirgi. Ya ce masu ba da biza suna son wanda ya san inda zai kwana kowace rana da abin da ya kai shi. Na ce zan haddace shi kamar Fatiha. Ya ce in nemi takalmi mai taushi, duwatsun Roma ba su san Hajiya ba.

Ban gaya masa Basi yana wani ƙaramin gari a wannan gaɓar ba. Baraka dai ta kalle ni. Mata!

Lahadi, 8 ga Maris

Na kira shi. Ban ambaci gida ba ko sau ɗaya, ko lafiyar Inna ma na bari shi ya tambaya. Na ce, "Basi, gajiya ta yi min yawa, zan zo ƙasarku in ci taliya." Ya ce, "Yaya, ke da ko Dalar Giza ba kya zuwa sai rakiyar baƙi?" Na ce mutum yana canzawa. Ya ce to, Allah ya kawo ki.

Layi bai mutu ba. Tayin farko ya shiga.

Laraba, 18 ga Maris

Takardu, takardu. Ikama ta izinin zama, banki, otal, inshora. Motar haya mikrobas biyu da jirgin metro don hatimi ɗaya.

Asabar, 21 ga Maris

Na ja maƙwabciyata Bakhita, Bahaushiyar Sudan, muka je wani gidan abincin Italiya a Zamalik don in gwada bakina. Kada a tambaye ni abin da zan ci in tsaya ina zare ido. Aka kawo taliya a tsakiyar faranti kamar an ɗebo wa jinjiri, ga ta ba ta gama nuna ba. Bakhita ta ce, "Ya zola, baiwar Allah, a mai da ita wuta!" Mai kawo abinci ya ce haka suke ci, da ɗan ƙarfinta. Ni da na tashi da taliyar murji da manja da yaji, yau ana koya min taliya.

Cukunsu dai ya yi. Fari, laushi, wai da nonon ɓauna. Na koyi abu biyu da zan tsare: naman alade da suke yankawa siriri su ɓoye shi a ko'ina, da giya da suke zubawa cikin miya. Na sa yaron ya rubuta min yadda zan ce ban da su. In abin ya gagara, kifi da burodi.

Kifi kuma. Tun da Basi ya ƙetara ban sa kifin teku a bakina ba. Ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Juma'a, 27 ga Maris

Na zauna haddar Pompei don masu biza, sai ga ni har la'asar. Wai dutse ne ya yi aman wuta, toka ta rufe gari da mutanensa, har burodi aka tarar a cikin tanda. Akwai layin shaguna, da kantar mai sayar da abinci, ramukan tukwanenta suna nan. Ina ta tunanin matar. Ko tana da mai taya ta, ko ita ma ita kaɗai ce a kan komai.

Wannan ɗin zan so in gani. A hanya ne dai, ba don shi zan je ba.

Talata, 7 ga Afrilu

Na kai takardu ofishin biza. Na sa abaya mai kyau amma ba mai kyau sosai ba. Wata mata ce a bayan gilashi, ta tambaye ni da Larabci me zai kai ni. Na ba ta Kolosiyam, na ba ta mai shagon Pompei, na ba ta lemon Amalfi da aka ce ya kai kan jariri. Ta duba hatiman Dubai da Jidda, ta ce me zai dawo da ni. Na ce dilolin abaya da 'yan Kano da ba sa barin wayata ta huta. Ta yi murmushi. Mai sayarwa in ya yi murmushi irin wannan, ciniki ya kusa faɗawa.

Litinin, 20 ga Afrilu

Tun jiya talabijin ke nuna wani jirgi da ya kife da mutane tsakanin Libiya da Italiya. Ɗaruruwa. Na kashe, na kunna, na kashe.

Na ɗauki kwalin Malam Jesse na soke gaɓar teku gaba ɗaya. Ba zan zauna kan kujera ina lasar ƙanƙara ina kallon ruwan nan ba. Sai dai Basi ya zo ya same ni a Napoli. Daga can ma ya fi kusa da jirgi.

Alhamis, 23 ga Afrilu

Biza ta fito. Na yi sujjada a kan dilar kaya, Bakhita ta yi guɗa har bawwab mai gadin bene ya hawo.

Asabar, 25 ga Afrilu

Na kira shi da albishir, na ce ya zo Napoli, na fasa bakin teku. Ya ce ba zai iya barin aiki ba, baƙi sun fara cika gari. A kicin ɗin wani gidan abinci yake. Da wanke-wanke ya fara, yanzu tsohuwar mai wurin ta bar masa murza taliya da gyaran kifi. Ya ce, "In kin soke teku, ni kika soke, Yaya. Tagar ɗakina ruwa take kallo."

Na ce ruwan da ya kusa cinye ka? Ya ce shi ɗin.

Sai ya yi wata 'yar dariya ya ce, "Yaya, wa ke riƙe miki jaka a Ataba? Kin taya Roma, kin taya Pompei. Ni ne baƙar abayar ƙarshen layi. Fasfo ɗina na cikin jakarki, ko ba haka ba?"

Ɗan banza. Ni na koya masa.

Ya ce in zo garinsu, in zauna a tebur kamar kowace baƙuwa, in ci abin da hannunsa ya dafa. Bayan nan in faɗi duk abin da na zo da shi, zai saurara, amma bai yi alkawarin komai ba. Na ce ashe ka yi girman da za ka gindaya min sharaɗi. To ka riƙe kifinka, na fasa zuwan. Na kashe waya.

Na san wannan rawar. Ka juya baya ka yi taku kaɗan, mai shago zai ƙwala kira, ta'ali ya Hajja, zo mu daidaita. Zai kira.

Talata, 28 ga Afrilu

Bai kira ba. Yana gwada ni ne.

Lahadi, 3 ga Mayu

Shiru. Na duba ko wayar ce ta lalace, na sa Bakhita ta kira ni daga ɗakinta. Lafiyarta ƙalau.

Laraba, 6 ga Mayu

Bakhita ta shigo aron albasa ta same ni da wayar a cinya. Na ba ta labari ina jiran ta ce yaron ba shi da kunya. Ta ce, "Ma'alish ya ukhti, yi haƙuri 'yar uwa, amma mai shago yana kiranki ne don yana son ya sayar. Shi me ya kasa?" Na ce albasa kika zo ɗauka ko wa'azi. Ta ɗauki uku maimakon ɗaya ta fita.

Na yi ta juya maganar ina yanka kuɓewa. Tun ina budurwa nake kasuwa, ban taɓa komawa shagon da ba a kira ni ba. Ban san ma yadda ake shiga ba.

Alhamis, 7 ga Mayu

Na kira. Ya ɗauka tun kafin ta gama ƙarar farko, ashe shi ma tana hannunsa. Na ce, "Wane irin kifi ne?" Ya ce ƙanana ne, a soya su da lemon tsami, sai taliya da ya murza da kansa. Na ce ka dafa ta ta nuna, ba irin ta Zamalik ba. Ya ce a'a, yadda ake ci zan ci. Na ce to yaji fa? Ya ce, "Yaya, in kin zo min da yajin Inna da daddawa, wallahi har tsohuwar sai na yi wa miyar kuka." Muryarsa ta ɗan karye a kan daddawa. Na yi kamar ban ji ba, shi ma ya yi kamar bai ji tawa ba.

Na mai da gaɓar teku kan kwali. Sharaɗi ba yarda ba ne. Zan ci, sannan in yi magana.

Lahadi, 17 ga Mayu

Na gaya wa Inna ranar tafiya. Na shirya jin "ki dawo min da shi." Sai ta ce in duba mata wuyansa, ko ya rame. In duba ko yana salla. In duba ko tsohuwar nan tana da kirki, in tana da shi in kai mata turare. Na ce Inna, maganar dawowa fa? Ta ce, "Ki fara ganin sa tukuna, uwar gaggawa."

Malam Jesse ya aiko Baraka ta ce kada in kuskura in sa kilishi a jaka, nama ba ya shiga. Na ba Bakhita, ta yi ta godiya kamar da niyya na saya mata.

Asabar, 23 ga Mayu

Gobe jirgi. Takalmi mai taushi, tamam, ya shiga akwati. Turaren tsohuwa, tamam. Na sayi hular rana mai faɗi a Ataba, ban ko taya ba, mai shagon ya tambaye ni ko lafiya.

Fasfo ɗinsa na sa a aljihun gefe. Nasa ne, zan ba shi. Ban kama masa kujerar Kano ba tukuna, lokacin zafi ne, jirage a cike, in an tashi a samu.

Bakhita ta taya ni danne akwati. Ta ɗaga ledar garin kuka, ta ɗaga ta daddawa, ta ɗaga ta busasshiyar kuɓewa da yaji, ta ce, "Wannan duk na mako guda ne? Ai zai kai mutum har watan azumi." Na ce a sari na saya, ya fi sauƙi.

Na cire abaya biyu don ledojin su samu wuri.