Akori-kurata Ta Kamu da Tari

Malam Ladan, don Allah ka cece ni kafin in tafka abin kunya.

Ina da tsohuwar akori-kura da nake kai kifin Tiga Kano da ita. Makon jiya na kai ta garejin Mudi a Bebeji, aminina tun kafin ruwan dam ya cinye garinmu, ya canza fulogi, ya wanke kafireta. Lafiya lau ta dawo gida. Washegari sai ta birkice. Da na tsaya sai ta kama jijjiga har haƙorana na haɗuwa, ta yi ta tari, bututun salansa na aman baƙin hayaƙi, sannan ta mutu a gaban jama'a. Fetur ɗin da kan kai ni Kano in dawo, yanzu a Kura yake ƙarewa. Matata Saude ta daina shiga, wai ita ba garin tankaɗe ba ce.

Ba bakin mutane ba ne, don na yi rigakafi. Ranar da ta dawo Baffana ya ba ni manyan layu uku. Na buɗe zagayayyen kwanon nan na saman injin, inda idon mahassada ba ya kaiwa, na cusa su, na danne da tsumma kada su motsa. To, saura wa? Mudi! Ina zargin ya kwashe mini kayan injin masu kyau. Ran Litinin zan kai shi gaban alƙali, amma raina ba ya so, shi ne fa abokin ango a bikina.

Mai Kifi, Tiga

Mai Kifi, sannu da wahala. Zarginka ba hauka ba ne, akwai makanikan da kan yi haka. Amma motar da aka yi wa sata ba ta dawowa gida lafiya lau.

Kwanon nan shi ne hancin mota. Ta nan take shaƙar iskar da kafireta ke gaurayawa da fetur. In iska ta yi kaɗan sai ta yi ta zuƙar mai, ga hayaƙi, ga jijjiga. Kai ma a toshe maka hanci da tsumma, mu ga yadda za ka tsaya.

Ciro layun ka rataye su a madubi, Baffa ba zai ji haushi ba. Fulogin sun yi baƙi, a goge su. In tarin bai tafi ba, a daidaita kafireta.

Litinin ɗin kuwa ka tafi Bebeji, amma da ƙaton kifi a hannu. Ka faɗa wa Mudi gaskiya, ka daure ya yi dariyarsa ta ishe shi. Allah ya bar zumunci, ka gaida Saude.