Kwikwiyon da Ya Sha Nonon Akuyata

Daga: Haladu ɗan Ma'u, Rugar Kawu, ƙasar Roni
Zuwa ga: Mai girma Hakimin Roni
Ranar 9 ga Afrilu, 1956

Game da: Sama'ilu mahauci, wanda ya raba ni da karena

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da biyayya, ga kukana:

1. Ni tsoho ne, idona ya yi rauni, 'ya'yana sun yi kudu da shanu. Abin da ya rage mini awaki ne, kura kuwa ta san hanyar turkena. Shi ya sa ranar 3 ga Oktoban bara na karɓo kwikwiyo daga Gwiwa, bai daɗe da buɗe ido ba.

2. Na yi yadda iyayenmu ke yi. Na kwantar da shi cikin awaki, ina riƙe masa wata jar akuya yana shan nononta, don ya tashi yana ganin su ne danginsa. Ya yi ta kukan uwa, na yi ta zama gefensa ina lallashi, har ya saba. Sharaɗin ɗaya ne: kada baƙon hannu ya ba shi abinci sai ya yi wayo.

3. Na gaya wa maƙwabcina Sama'ilu haka a gaban mai unguwa, ya ce ya ji. Ashe duk ranar kasuwa yana jefo masa ƙashi da hanji ta kan shinge, wai tausayi. Wane kare ne zai ga ƙashi ya tsaya ga ƙanzona?

4. Ranar Laraba, 4 ga wata, kura ta shiga turke ta ɗauke jar akuyar. Da an yi haushi ko ɗaya, da ya isa ya tashe ni. Karen yana can ƙofar mahauci yana gadin fatu.

5. Da safe na je da igiya in kamo shi. Ranka ya daɗe, ya miƙe ya yi mini haushi a gaban mutane. Raina ya ɓaci ƙwarai. Sama'ilu ya yi dariya, ya ce a bar kare ya zaɓi mai shi.

Ina roƙo a kira Sama'ilu ya amsa laifinsa, a kuma hana shi leƙen shingena, don zan nemi wani kwikwiyon in sake daga farko. Wancan karen kuwa na bar masa shi. In ma an ɗaure mini shi a turke, ban ga wanda zai sa ya daina ganina baƙo ba.

Allah ya ja zamaninka.

Talakanka mai biyayya,
Haladu ɗan Ma'u