Mukullin motar babanki

Hachioji, 9 ga Oktoba

Zuwa ga 'yata Kazue,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Mamoru da yara. Kullum da safe idan na kunna turare a gaban hoton kakarki sai na yi muku addu'a. Mu lafiya lau, sai gwiwata da ta saba.

Kazue, tsoro ne ya sa na ɗauki biro. Kantin ƙasan gidanmu ya rufe tun bazara. Ɗan shagon kusa da tasha kuwa, kabeji ɗaya sai ka ce zinariya. Inda talaka ke numfashi shi ne babban kantin ƙetaren titi, wanda da yamma suke manna takardar rabin kuɗi a kan kifi. Bas ba ta zuwa can, don haka babanki ke tuƙa mu, da shekarunsa tamanin da uku.

Ranar Talata yana sauri kada maƙwabciyarmu Hoshino ta hawa na uku ta riga mu kwashe kifin, a wurin ajiye motoci ya taka mai a maimakon birki. Shingen furanni ne ya tare mu, taku biyu tsakaninmu da wata mata mai tura jaririnta a keken jarirai. Na yi ta sunkuyawa ina ba ta haƙuri. Shi kuwa gogan cewa ya yi wai takalmin ne sabo, wai ni tsohuwa na cika surutu a kunnensa. Na ce ya je ofishin 'yan sanda ya miƙa lasinsa kamar yadda mijin Hoshino ya yi. Ya ce to, sai in gaya masa abin da za mu ci, ko furannin baranda zan dafa masa?

Ki gaishe da Mamoru da surukarki, ki rungume mini Rin da Sota. Don Allah ki zo da kanki, ke kaɗai yake jin kunya. Na binne mukullin motar a cikin mazubin shinkafa, inda bai taɓa sa hannu ba, yana ta birkita aljifai yana zargin kansa da mantuwa, abin tausayi. Amma yau da na ɗebi ta rana, ludayin ya taɓo shi. Shinkafar kwana huɗu ta rage mana, daga nan mukullin zai fito fili.

Mahaifiyarki,
Fumie