Ƙaryar da Na Yi wa Iya Abu

Gaya, daren Alhamis, Agusta 1978

Yau na yi wa tsohuwa ƙarya, abin ya ƙi barin raina.

Da la'asar Iya Abu ta zo daga Balan a ƙafa. Ta ji an yi wasan kwaikwayo a talabijin kan Ɗan Duhu, mutumin nan da ya kashe fatake a hanyar Ajingi, har da ɗanta Sale. An kuma gaya mata na kalla a gidan yayana a Kano.

Na kalla kuwa, har da tafi. Sati guda ina kwaikwayon tafiyar Ɗan Duhu a ofis, ina karanta wa mutane yabon da jarida ta yi wa wanda ya fito a matsayinsa. Sale kuwa wawa suka mai da shi, mai kwaɗayi da rawar jiki, ya mutu ana dariya. Ni ma na yi dariyar. Sale da muka tashi tare!

Ta ce, "Ɗan nan, ba ni da hotonsa. Wanda ya fito a Sale, ya yi kama da shi?"

Na ce, "Sosai, Iya."

"Sun nuna natsuwarsa?"

Na ce sun nuna. Ta share ido da gefen mayafi, ta sa wa masu wasan albarka. Da za ta tafi ta roƙe ni, in za a sake nunawa, in kai ta Kano ta ga ɗanta.

Na kasa kallonta. Na ce to.