Sallamar da Ta Hana Ni Taki

Daren Laraba, farkon damina, Balan

Yau Sabo ya soke sunana daga cikin waɗanda za a ba tallafin taki. Sabo fa, ɗan ƙanin babana, wanda don an ba shi biro da kujera yake jin kansa gwamna. Tun da safe na hau babur zuwa ofishinsu a Gaya, na bi layi har azahar, sai ya ɗaga kai ya ce, "Yaya Habu, wannan na waɗanda suka rasa aiki ne. Kai ai da kuɗi aka sallame ka."

Wai da kuɗi! Shekara goma sha ɗaya ina shaƙar hayaƙin roba a kamfanin nan na Kano, ranar da suka rage ma'aikata suka miƙo min abin da bai taka kara ya karya ba. Rabi ya tafi asibiti kan ƙirjin nan nawa, sauran na rufa wa Inna ɗakinta da kwano. Kwanon ne ya tsone masa ido, na sani.

Na ce ya nuna min inda aka rubuta dokar. Ya dafe takardar sunayen, ya ce in yi haƙuri. Amma na hango sunan surukinsa mai shago biyu a kasuwa.

Gero na jiran taki, tari ya hana ni barci. Tunda sallama ce laifina, gobe zan faɗa gidansa ba tare da ita ba.